Ƙafata da Kafaɗar Nasiru

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan. Ina raye, alhamdu lillahi.

Da yawanku kun san na yi shekaru ina aikin gini a Libiya. Lokacin ƙanena Nasiru ne ke kallon hotunana yana haɗiyar yawu. Da jiragen Turawa suka zo wai gyaran ƙasar, muka gudo gida. Ashe bindigogin da suka watse can sun biyo sawunmu ta hamada.

Bara 'yan bindiga suka same ni a gonar albasata, bayan Rimawa. Harsashi ya karya mini ƙashin ƙauri.

Mu kuwa kun san mu, karaya sai mai ɗori. Ya jera kara ya ɗaure tam, har da ramin harsashin.

Sai zazzaɓi. Sai wari.

A asibitin Sakkwato aka yi hoto da gwajin jini. Likita ya kwance ɗaurin, ya ce, "Mi ya sa kunka rufe ciwo haka? Ƙashi ya fara ruɓa. Ƙila mu yanke."

Wankin ciwon da ake yi mini kullum da safe ya fi harbin zafi. Amma akwai abin da ya fi shi ci mini rai.

Nasiru ya sayar da shanun huɗarsa aka yi mini aiki. Shi ke ban ruwa a gonata. Ranar ziyara kuma sai ya shigo tsaf da ƙafa biyu, ɗiyata Hauwa'u a kafaɗarsa. Na miƙa mata hannu, ta maƙale masa tana cewa, "Baba, mu tahi gida."

Baba! Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Na juya na fuskanci bango, na ƙi cin tuwon da ya kawo.

Ƙafa dai ta tsira, sai ɗingishi. Da na dawo gida na rantse sai na ɗauki Hauwa'u zuwa bakin gulbi. Na ajiye sanda, na ɗora ta a wuya. Ban faɗi ba, ina ta taƙama.

Sai can ta ce, "Baba Nasiru, saki rigar Babana, shina iyawa!"

Ashe tun daga ƙofar gida yake riƙe da ni ta baya.

Na gode wa likitoci da ku masu addu'a. Don Allah, karayar da ke da rami a kai ta asibiti, kar a ɗaure.

Nasiru kuwa, har yau ina kishinsa. Allah Ya bar mini shi.