Ranar da Muka Bar Tasi'u a Bakin Tafki

Wata rana, shekara uku ke nan, mu goma sha ɗaya da muka yi sakandare tare muka shirya zuwa shan iska, kwana biyu a daji.

Wani tafki ne, tafiyar awa huɗu daga Zariya, inda ruwa ke zubowa daga kan wani dogon dutse. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don bai yi mana laifin komai ba. Mu ne masu laifin.

Mota biyu, tanti uku, rago guda.

Kun dai san irin tafiyar nan. Kowa da baƙin tabarau, magidanta masu 'ya'ya uku-uku da tumbi suna tsalle a cikin ruwa kamar ba su taɓa wanka ba.

A cikinmu akwai Tasi'u, malamin firamare, mutum marar hayaniya. Shi ya kafa tantunan muna tsaye muna ba da shawara. Shi ya gasa ragon. In an ce a yi hoto, shi ake miƙa wa waya.

Na duba hotunan daga baya. Sun fi ɗari biyu. Ya fito a guda biyu, ɗayan ma ƙeyarsa ce.

Ranar Lahadi bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Hanyar fita ta laka ce, in ruwa ya sauka mota ba ta wucewa. Nazifi, wanda ya shirya tafiyar, ya hau faɗa a yi sauri.

Tasi'u ya kwashi tukwane ya zaga bayan duwatsu don ya wanke. A wurin yayarsa ya aro su, ya ce ba zai mayar mata da maiƙo ba.

Na ga tafiyarsa da idona. Har na ce ya haɗa da kofina.

Ga inda muka yi kuskuren. A hanyar zuwa, a motarmu ya taso, amma da wani ya fara amai a motar Nazifi sai suka yi musayar wuri. Don haka da za mu tashi, mu muka ɗauka yana can, su suka ɗauka ya dawo nan.

Ba wanda ya leƙa. An danna hon sau biyu, a wurin da ƙarar ruwa ba ta barin ka ji na kusa da kai, muka ja motoci.

Awa ɗaya da rabi muna tafiya, muna hirar malamanmu na da, muna dariya har da hawaye.

A masallacin wani ƙauye muka tsaya la'asar, ana yayyafi. Mutanen gari sun riga sun yi tasu. Muka yi sahu, limaminmu ya shiga gaba.

Shiru.

Kowa na jiran a tayar da iƙama. Kwana biyun nan Tasi'u ke yi mana, ba tare da wani ya sa shi ba.

Na juya dama, na juya hagu. Wallahi tun kafin wani ya ambaci sunansa na gane mun baro shi.

Na tayar da iƙamar. Ban san me aka karanta a sallar nan ba. Muna sallamewa muka juya.

Ruwa ya riga ya ɓata hanya. Sai gab da magariba muka isa, muna tura mota a laka.

Wani dattijo masunci muka tarar a tsaye inda muka yi zango. Bai amsa gaisuwarmu ba. Ya tambayi mu nawa muka zo. Wani ya ce goma, wani ya ce sha ɗaya, muka tsaya musu a gabansa. Kallon da ya yi mana har yau ina ganinsa.

Ya ce gansakuka ce ta kwashi ɗan'uwanmu, ya faɗa tsakanin duwatsu biyu, bayansa ya bugu. Ruwan sama ya sa tafkin ya ƙaru. Lokacin da ya hango shi daga kwalekwale, ruwa ya kai masa ƙirji, muryarsa ta dishe don kira. Shi da wasu masunta suka ɗora shi a kan ƙyauren ɗaki, an tafi da shi asibitin cikin gari.

Tukwanen na nan a kife a kan dutse, a wanke tas, kofina a samansu.

Ƙashin baya ne. Likita ya ce ba zai sake takawa ba. Bai ce jinkirinmu ne ya jawo ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

Sai kwana na tara aka bar mu muka gan shi. Muka zagaye gadon kamar masu jiran hukunci. Ya ce daga inda yake kwance yana hango motocinmu suna hawa tudu, yana ce wa ransa yanzu za su tsaya.

Sannan ya yi tambaya guda.

"A ina kuka tuna da ni?"

Nazifi ya fara cewa ai tun kafin mu hau kwalta. Tasi'u bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

"A masallaci," na ce. "Wurin iƙama."

"To wa ya yi muku?"

"Ni."

"Madalla. Ashe akwai mai yi."

Ya juya fuskarsa bango. Da ya zage mu, da mun ji sauƙi.

Mun yi kuka, mun yi alkawura. Watan farko kullum muna gidansa. Na biyu, duk Juma'a. Daga nan kowa ya koma hidimarsa.

Yana nan da rai. A keken guragu yake koyarwa, matarsa ke tura shi zuwa makaranta kowace safiya. Bai taɓa ɗaga maganar ba, in ka je zai karɓe ka da fara'a.

Bara ya fita daga zaurenmu na WhatsApp, shiru, babu sallama.

Sai bayan mako bakwai muka lura. Ranar ana neman wanda zai rubuta sunayen masu zuwa walima ne.

Darasi:

A kowane gida, kowane ofis, kowace ƙungiya akwai wanda ake tunawa da shi kawai in aikinsa ya tsaya. Ka san shi, sunansa ya zo maka yanzu. Kira shi yau, ba don kana son ya yi maka wani abu ba.

Kuma in kun fita tare, kada mota ta tashi sai an kira sunan kowa ya amsa da bakinsa. "Ina jin yana waccan motar" ba amsa ba ce.

Ka tura wannan zuwa zauren abokanka. Kafin ka tura, buɗe jerin sunayen ka duba wanda ba ya nan.