Anti Apoka da Zannuwan Kafur

A gidan hayar nan na unguwar Bulpiela, ɗakin Anti Apoka kaɗai ne ba ka ganin buta a ƙofa. 'Yar ƙabilar Frafra ce daga garin Bolga, Kirista, ta yi aikin nas a ɗakin jarirai har furfura ta cinye mata kai, aka sallame ta. Allah bai ba ta haihuwa ba, matan gidan kuwa ba su taɓa bari ta manta ba. Amma bari zazzaɓi ya kayar da yaro, bakin da ya yi gulmar shi ne zai fara sallama a ƙofarta. Sai ta zura takalmi ta bi su. In an ce mata wauta ce, sai ta ce Yesu ma ƙafafun mabiyansa ya wanke, ita wace ce?

Da Sahadatu, matar Wahabu mai gyaran babur, ta haifi namiji, sai uwar Wahabu, Mma Abibata, ta taso daga Gbalahi yin wankan jego. Ta zo da akwatin zannuwa da ta daɗe tana tanadi don jikanta na fari, ta cika shi da ƙwayoyin kafur saboda kyankyasai.

Ana saura kaɗan suna, Apoka ta kai musu ruwan zafi da hantsi. Tun daga labule warin kafur ya doke ta. Ta karɓi jaririn ta matsa jikin taga, ta danna goshinsa da yatsa. Wurin ya fito rawaya. Ta buɗe idonsa, kamar ƙwaiduwa. Tafin ƙafarsa ma ya fara.

"Yana kama nono?" ta tambaya.

"Tun jiya sai barci, Anti," in ji Sahadatu.

Apoka ta san ciwon shawara irin wannan, ta san akwai jinin da kafur ke narkarwa. Ta ga waɗanda shawarar ta kashe, ta kuma ga waɗanda ta bari da rai, wuya ba ya tsayuwa, kunne ba ya ji.

"Mma, asibiti za mu. Yanzu."

Abibata ta fizge jikanta. "Asibitin wa? Jariri ya ƙetare ƙofa ba suna, idon duniya ya ci shi? Farin yaro ne, kakansa ya ɗauko. Ke da ba ki san zafin naƙuda ba, ke za ki koya mini goyo?"

'Yan barka da ke ɗakin kowacce ta kafa kunne. Maganar na bakin Apoka, kuma gaskiya ce: zannuwanki ne ke kashe shi. Da wata ce mai rabin iliminta, da tuni ta watsa wa tsohuwar a fuska. Amma Apoka ta san tsohuwar da aka kunyata gaban surukarta, ko sama za ta faɗo ba ta sakin yaron. Ga rana na tafiya.

Sai ta durƙusa, da furfurarta, a kan simintin.

"Gaskiyarki, Mma, ban haifa ba. Idona ma ya tsufa. Ke da kika raini goma, taimake ni ki duba tafin ƙafarsa. Na kakansa haka yake?"

Abibata ta ja tsaki, amma ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ta kai shi ga nonon uwarsa da hannunta, bakin bai motsa ba.

Apoka ta matsa kusa da kunnenta, yadda ko Sahadatu ba ta ji ba. "Kafur ne bai karɓe shi ba. Mu canza masa zane, daga ni sai ke."

"Idon mutane fa?" Muryar Abibata ta koma ƙarama.

"Ki lulluɓe shi ruf, ke za ki riƙe. Ba mai ganinsa sai likita."

Da zanen cocin Apoka aka naɗe shi. A cikin keke mai ƙafa uku ɗaya na salati, ɗaya na kiran Yesu, kowace na sa hannu ƙarƙashin zanen ta ji ko ƙirjin na motsi. A asibiti aka tuɓe shi, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Likita ya ce da an jira suna, da wani labarin ake yi.

Aka yanka rago a Bulpiela mai sunan na asibiti. Aka raɗa masa Yazeed. Abibata ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana cewa ita ta fara ganin ƙafar. Apoka na bayan gida tana wanke zannuwan, tana shanya su a rana.

Tsoron dai bai sake ta ba, don ba ta san ko ciwon ya taɓa kunnen ba. Bayan an sallamo su, ta shiga ɗakin yana barci, ta saki murfin tukunya a bayan kansa. Yaron ya zabura ya tsala ihu.

"Mahaukaciya!" in ji Abibata. "Kashe shi za ki yi?"

Apoka ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Da yamma aka aiko mata da soyayyen naman sunan da Abibata ta ɓoye mata, cinya ce, ba ƙashi ba.