Jan Zaren Kaka

Mu a gidanmu na titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa, ba mu da murhu, sai wata hita ta ɗumama ɗaki mai ƙara kamar tsohon babur. A gabanta kakata Hajiya Rabi take tara mu bayan magariba, tana murza man zafi a gwiwa. Tatsuniyarta ɗaya ce tak, kuma na rantse na ji ta sau dubu tara.

"Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya kama kunnensa," haka take farawa.

Wai an yi wata 'yar Sin, Madam Lin, mai shago da tebur huɗu. Dim sam take sayarwa, 'yan ƙulle-ƙullen fulawa masu nama a ciki, ana turara su a kwandunan gora. Arha kamar ƙosai, amma ko ƙuda ba ya leƙawa. Sai ta ɗauki wata Bamaraɗiya aikin wanke-wanke. Bamaraɗiyar ta ce, "Ware tukunya da kwandunan da alade ba zai taɓa ba, ni zan kawo miki mutane." Ta zare jan zare daga mayafinta, ta ɗaura wa kowane kwandon da aka ware. Ranar Juma'a ta tsaya ƙofar masallaci ta ce, "Mai jan zare ku ci, na ɗauka a wuyana."

"Kaka, ai ke ce!"

"Rufe min baki, uwar surutu. A tatsuniya ba a tona mutum."

Daga nan layi ya miƙe, a faɗar Kaka har ya kusa Maraɗi. Tebur huɗu ya zama arba'in. Madam Lin ta tsufa, ɗanta ya karɓa.

Bana, ina shekara sha shida, na ja ƙawayena zuwa sabon reshen shagon Madam Lin da ke titin Wendover, ina ta cika baki kamar ni na gina shi. Muna shiga na ga jan zare a kan allon sunan shagon, a rigunan ma'aikata, a kowane kwando. Na tambayi mai kawo abinci wane kwando ne namu, tun da duk zare gare su.

"Zaren? Ado ne, tambarinmu ke nan. Tukunya ɗaya ce duka."

A teburin kusa, Alhaji Issa maƙwabcinmu da iyalinsa suna ci hankali kwance, ba su tambayi kowa ba. Me za su tambaya, Hajiya Rabi ta ɗauka a wuyanta?

Da na faɗa wa Kaka, sau biyu ta sa na maimaita. Ran Juma'a ta dogara sandarta ta tsaya a ƙofar masallacin nan dai. "Na sauke abin da na ɗauka. Ku yafe ni."

A da na zaci darasin shi ne ƙaramin shago na iya girma. Ashe maganar mutum ma sai a ɗauka a yi ado da ita, shi yana gida bai sani ba.

Jiya autanmu ya ce, "Kaka, tatsuniyar zare fa?"

Ta ƙara wa hita wuta. "Ba tawa ba ce yanzu. Tana can sun rataye ta a allo."