Tsohon Kiran Da Abokina Ya Hana A Goge

Shekarun baya, zamanin soja, na yi aiki a ɗakin kwamfuta na wata makaranta da ke hanyar Dundaye. Injin namu ƙato ne, an sayo shi lokacin da kuɗin mai ke kwarara, tare da Turawan da za su kula da shi. Da abubuwa suka ja baya Turawan suka tattara suka tafi, suka bar mana injin da tarin tef na ajiye bayanai. Mu biyu aka bar wa, ƙarƙashin shugaban ɗakin: ni daga Ƙofar Rini, abokina daga Ƙofar Atiku. Tun firamare muke tare, kuma tun firamare ni ke gabansa a lissafi. Ina faɗin wannan ne don ku fahimci abin da ya biyo baya.

A cikin manhajar da ke tafiyar da injin akwai cibiya, muna ce mata kanel. Duk firogiram, wato jerin umarnin da aka rubuta wa injin, da ke son karanta tef ko rubuta wani abu a kai, sai ya roƙi kanel ta hanyar wani kira. Turawan nan sun yi kira guda mai aiki uku. Ka ba shi lamba ɗaya ya karanta, biyu ya rubuta, uku ya mayar da tef farko. In ya dawo maka da sifili, ko dai ya gama lafiya, ko kuma bai yi komai ba. Kai za ka gane wanne ne.

Wata rana wata ɗaliba ta sa biyu a inda ya kamata ta sa ɗaya. Aikinta na damina guda kan shinkafar fadama ya shafe. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tef ɗin, ba ta yi kuka ba, sai tambaya take ko akwai dabara. Babu. Abin ya tsaya mini a rai, na zauna na sake tsara kiran. Na raba shi uku, kowanne da sunansa, kowane kuskure da amsarsa daban. Har yau ban yi aikin da na so kamarsa ba. Na kai wa shugabanmu, na ce a goge tsohon, kowa ya koma sabo.

Ya karanta, ya gyaɗa kai, sannan ya kira abokina ya ce shi ma ya duba.

Abokina ya duba a tsanake. Ya ce, "Ranka shi daɗe, aikin ga ya yi kyau ƙwarai. Amma in anka goge tsohon, firogiram ɗin sakamakon jarrabawa ba shi tashi. Na malaman gona ma haka. Waɗanda sunka rubuta su sun tahi, kuma ba su bar muna asalin rubutun ba."

Na ce sai a sake rubuta su.

Ya ce, "Wa za shi rubuta? Ni da kai? Ga jarrabawa ta matso."

Na ce to sai mu zauna har wata ɗalibar ta sake rasa aikinta? Muryata ta ɗan tashi. Shi kuwa bai ko motsa ba. Ya ce a bar tsohon kiran yadda yake, a sa nawa uku a gefensa, tsohon ya riƙa miƙa musu aiki ta ciki. In tsohon zai rubuta a kan tef mai abu, ya tsaya ya tambayi mai kula da injin tukuna. Sababbin ɗalibai kuma a koya musu nawa kawai.

Shugaba ya ce shi ke nan, haka za a yi.

Abin da abokina ya ƙara bai cika shafi ɗaya ba. Nawa kuwa na yi makonni a kansa. Amma da aka kunna, jarrabawa ta wuce lafiya, babu firogiram ɗin da ya tsaya, sai labari ya bazu cewa shi ya gyara injin ba tare da an fasa komai ba. Malaman gona suka aiko masa da buhun gero. Ya raba biyu ya kawo mini rabi har gida, na karɓa ina murmushi, raina kamar ya fashe. Da gurbin ƙaro ilimi a ƙasar waje ya fito, guda ɗaya tak, shugaba ya ce yana son mai haƙuri da kayan mutane. Ba sai na faɗa muku wanda aka zaɓa ba.

Na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Mi ka damunka?"

Na ce, "Inna, aikin ofis ne." Na shiga yi mata bayanin lamba ɗaya da biyu da sifili, ina zana mata a tabarma da yatsa. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ni ban gane ko ɗaya ba. Amma sunan yaron ga ka kira sau da yawa, injin kuwa da ƙyar ka tuna da shi. Gobe ka tahi ka yi mai rakiya tasha."

Na je. Na ma ɗaukar masa akwati. Kafin mota ta tashi ya riƙe hannuna ya ce in kula masa da tsohon kiran. Na ce to. A raina na ce wato kai ka tafi, ni in zauna gadin abin da na so a binne.

Haka kuwa aka yi, na yi shekaru ina gadinsa. Ɗalibai na koyon nawa a aji, amma da sun samu tsohon firogiram sai su kwafa da tsohon kiran a ciki, ni kuma in yi ta amsa tambayar sifili. A nan gaskiyata ta fito: abin da aka bari don lalura ba ya tafiya da kansa. Sai dai babu wanda ya sake rasa tef, babu kuma malamin da ya wayi gari aikinsa ya mutu. Daga baya aka ba ni shugabancin ɗakin, ikon gogewa ya zo hannuna. Na buɗe wurin da tsohon kiran yake a kanel, na tuna yawan mutanen da ke dogare da shi ba su ma san da shi ba, na rufe.

Yanzu in matasa sun tambaye ni, ina ce musu su gyara abu ya fito fili, amma kafin su cire tsoho su nemi waɗanda ke tsaye a kansa. Wannan na yarda da shi. Kishin ne dai bai gama fita ba. Kwanakin baya na je ɗaurin auren 'yarsa, ya jawo ni gaban manyan baƙinsa ya ce, "Wanga shi ya rubuta abu mafi tsabta da na taɓa karantawa, ni faci kawai na yi mai." Suka miƙo mini hannu ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗi sosai. A hanyar gida kuma sai na kama kaina ina jin haushi, wai ko a yabo ma ya fi ni iyawa.