Jan Farcen da Ya Tona Mini Asiri

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa a Lafiya, ni da wani abokina mun haukace a kan wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Wana ne ya sayo mini shi na hannu daga Legas. Da batir yake tashi, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba. A lokacin ina da mata da 'ya'ya, ina ma koyarwa a sakandare, shi ya sa duk ranar da mahaifiyata ta gan ni na ɗaure kwalinsa a bayan babur sai ta girgiza kai ta ce, "Gemu dai ya fito, hankali muke jira."

Abokin nawa ɗan ƙabilar Tibi ne, mai gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Hausarsa irin ta Lafiya ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Mun raba aiki tun farko: ni ne mai tuƙi, shi ne mai saiti. Ran Lahadi in ya taso daga coci, ni kuma na yi la'asar, sai mu haɗu a wani filin ƙwallo a Akurba.

Babban abin da ya koya mini shi ne saitin farfela. Farfelun sama guda biyu ne, sai ya manna jan tef a bakin ɗaya, fari a bakin ɗayar. In suna juyawa, ka tsuguna daga nesa ka duba ta gefe. In layi ɗaya ka gani, lafiya lau. In ka ga layi biyu, ɗaya ta fi ɗaya tashi ke nan, jirgin zai yi ta kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Maganin kuwa wani ɗan siririn ƙarfe ne mai zare, da ɗan kai na roba, da ake murɗawa kaɗan-kaɗan har su daidaita. Ni dai kallo nake, don hannuna a gyara hannun mai fasa dutse ne.

Ana nan, wata damina ya yi hatsarin babur a hanyar Shabu. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafa ta warke, amma jijiyar hannun dama ta taɓu. Hannun yana nan, sai dai yatsun ba sa damƙar komai, ko cokali. Mutumin da da yatsun nan yake ciyar da gidansa.

Shago ya zauna a rufe wata da watanni. Ina zuwa dubiya kusan kullum da ledar lemo ko ayaba, in ce sannu, ya ce yauwa, shi ke nan. Mutumin da a da sai ka roƙe shi ya rufe baki. Wata rana matarsa ta raka ni bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "Malam, ya ce zai rabar da kayan aikinsa mu koma ƙauye, can bayan Doma. In ya je can, zama kawai zai yi har ya mutu. Na san shi." Na hau babur zuciyata a jagule, don ni ma na san gaskiya ta faɗa.

Da na ba mahaifiyata labari, ta bari na gama sannan ta tambaye ni me nake kai masa. Na ce lemo.

"Lemo ne ya yi masa ƙaranci? Mutumin da ya saba a zo masa da buƙata, kun mayar da shi abin a ce wa sannu. Kai masa aiki mana."

Maganar ta shige ni. Matsalar ɗaya ce: jirgin lafiyarsa ƙalau, don shi ya saita shi kafin hatsarin, ni kuma ban sake ɗaga shi ba. Sai na yi dabara irin ta malamin makaranta. Na ɓalle ɗan ƙarfen nan na murɗa shi son raina, na mayar, na ɗauki kwali na nufi gidansa ina ta shirya fuskar damuwa.

Na same shi a gindin mangwaro. Na ce, "Mutumina, jirgin nan kakkarwa yake, na rasa kansa."

Ya jawo shi da hannun hagu, ya juya shi sau ɗaya, ya kai ido kusa. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Oga pailot, wa ya taɓa wannan?"

Na ce babu.

"Abeg, kar ka yi mini haka. Duba nan."

Ashe duk inda ya gama saiti, yakan ɗiga jan farcen matarsa a kan zaren, don kada ya kwance, kuma don ya san inda ya tsaya. Ni ban taɓa lura ba. Ga jan nan ya tsage, ga zare fari fes ya fito a ƙasansa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ransa ya ɓaci sosai, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Ni yaro ne da za ka kawo mini wasa? Hannu ne ya mutu, ba kaina ba. Kuma in ka tashi shi a haka farfela ya fita ya sami wani, me za ka ce? Mayar da shi yadda ka same shi, ka ɗauki kayanka."

Na kama murɗawa. Da yake dama hannuna ba hannun gyara ba ne, sai ji na yi ƙas, ɗan kan robar ya rabe biyu a tsakanin yatsuna. Abin da babu mai sayar da shi a duk faɗin Lafiya.

Matarsa ta leƙo daga kicin. Can sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake yi, irin wadda ke fitowa da hawaye, ta farko tun ranar hatsarin.

"Yauwa," in ji shi, "yanzu ka kawo aiki na gaskiya."

Ya ce yana da irinsa guda ɗaya da ya cire daga tarkacen faɗuwar da jirgin ya taɓa yi mana tun farko, yana cikin gwangwanin madara a shago. Na ce ya ba ni makulli in ɗauko. Ya ce, "Kai? Ka je ka fasa mini sauran kaya?" Haka na goya shi a babur muka tafi.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da muka ɗiga masa baƙin mai. Muka sami abin a gwangwanin, ina sa wa jirgin yana ba ni umarni, murɗa rabi, dawo kaɗan, a'a ka wuce, sai ga wata tsohuwa mai sayar da doya ta ga ƙofa a buɗe, ta shigo da rediyonta a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ce tun da ya rufe ba ta yarda ta kai wa kowa ba. Ya buɗe baki zai ce mata hannu babu, sai ya dube ni, ya dubi rediyon, ya ce, "Riƙe mini wannan waya." Ya ɗauki ƙarfen liƙi da hagu. Dalmar ta fito da muni, dunƙule kamar kashin akuya, amma rediyon ya yi magana.

Lahadin da ta biyo baya muka koma Akurba. Ya tsuguna a gefe, ya kanne ido ɗaya, na ƙara wuta a hankali. Ya ɗaga babban yatsan hagu: layi ɗaya. Jirgin ya tashi ya tsaya cak a iska, ko motsi ba ya yi. Ban taɓa jin daɗin tashinsa kamar na ranar ba.

Ba su koma ƙauye ba. Ya haɗa wa kansa wata 'yar matsa a jikin tebur da ke riƙe masa waya, ya koyi liƙi da hagu, har hannun ya faɗa. Jirgin kam tuni ya zama tarkace, ni na ƙarasa shi a jikin turken gola.

Har yau ina kai wa marasa lafiya lemo, al'ada ce ba a barin ta. Amma kafin in shiga nakan tsaya in tambayi kaina, me mutumin nan ya iya da zan roƙa a wurinsa? Don da daɗewa bayan abin, muna zaune a bakin shagon, na ba shi haƙuri a kan ƙaryar da na shirya masa. Ya ce in bar zancen.

"Duk wanda ya shigo ya ce sannu, ji nake kamar ana shirya mini akwatin gawa. Kai kaɗai ka zo ka ɓata mini rai. A nan na san ban mutu ba."