Gonar Aro ta Akanta Cletus

Mode yana ƙofar gida yana yi wa kekensa faci sai Lawwali direba ya tsaya a kansa, ko sallama babu. Ya ce motar Kaduna ta kife bayan Kwantagora, mutum huɗu sun rasu, har da Cletus. Mode ya ci gaba da shafa sholisho har ya bushe a yatsunsa, sannan ya tambaya ko an gaya wa Ngozi, matar mamacin.

A Zuru aka haifi Cletus Nwankwo, bayan shagon ubansa mai sayar da kwanuka da fitilu. Yaƙin basasa ya kai shi Gabas, da aka gama ya dawo da akwati ɗaya da mata ɗaya, ya samu aiki a ofishin haraji, teburinsa manne da na Mode. Shekara huɗu suna cin ƙosai a takarda guda.

A 1972 ciwon son zama akanta ya kama shi, akanta na gaske mai takardar shaida. Hanya biyu ce. Akwai jarrabawar Legas, wadda aka ce masa sai ya ajiye aikin gwamnati ya je zaman koyo wurin wani akanta a Kaduna. Akwai ta Ingila, wadda ake aiko da darussanta ta gidan waya, mutum ya yi karatu yana kan aikinsa. Mai hankali mako guda ya ishe shi ya zaɓa. Cletus kuwa, da yake nasa hankalin ya fi na kowa, shekara biyu ya yi yana zaɓe. Ya tambayi Fada a coci, ya tambayi mai gidan waya, har wani Bafulatani da ya zo daga Kanya kan maganar shanunsa bai tsira ba sai da ya ji bambancin Legas da Ingila. Ngozi ce ta raba gardama. Ta ce ranar da ya ajiye aiki, ya nemo wadda za ta riƙa dafa masa takardar shaidar yana ci. Nan take Ingila ta yi nasara.

Darussa suka fara zuwa. Da rana yana bin ƙauyukan Ribah da littafin rasit, da yamma yana haddace yadda Bature ke biyan harajin gidan haya a garin da ko hotonsa bai taɓa gani ba. Mode ya laƙaba masa Akanta don tsokana, shi kuma ya karɓe sunan da hannu biyu.

Sai ga abin da bai lissafa ba. Sau biyu a shekara ake zama jarrabawar a Kaduna, Disamba da Yuni. Disamba lokacin karɓar haraji ne, ba mai motsawa. Yuni kuma, a al'adar ofishin, hutunsa na masu gona ne. Cletus ya je gaban Malam Na'Allah, shugaban ofis.

"Yallaɓai, mako biyu kawai nike so."

"Kana da gona?"

"A'a yallaɓai, jarrabawa ce."

"To mi za ka shuka a Kaduna? Haka munka iske abin, ɗan Nwankwo. Ba gona, ba hutu."

Haka aka yi mutumin da ke neman zama akantan Ingila sai da ya fara zama manomi. Mode ya yankar masa gefen gonarsa ta hanyar Ribah. Malam Na'Allah kuma ba yaro ba ne, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Allah sarki Cletus! Ya riƙe fartanya kamar biro, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa, kunyoyinsa suka karkace kowace ta kama gabanta. Shugaba ya zo a babur, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan dai ba gona ba ce, amma wahala an sha ta. Ya sa hannu a takardar hutu.

Cletus ya je Kaduna, ya zauna jarrabawar daga farko har ƙarshe. A hanyar dawowa ne abin ya faru. Sakamako sai nan da wata uku, kuma Mode bai san ko shi ko Ngozi akwai mai iya buɗe ambulan ɗin ba.

Ranar tafiyarsa Kaduna, Mode ne ya kai shi tasha a bayan keke, jakar littattafai na dukan cinyarsa. Cletus ya sa ƙafa ɗaya cikin mota, sai ya juyo.

"Malam Mode, tsakani da Allah, in kuma ta Legas ce ta fi fa?"

"Akanta, shiga mota kafin in kira Ngozi."

"Tambaya ce kawai na yi."

"Na ji. In ka dawo mu yi ta, shekara biyu ma in kana so."

"To ka ajiye mini ƙosaina."

"Ba ni ajiyewa. Tahi."