Ranar da Yaya Umaru Ya Ɗebi Jinin Kyanwa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Umaru, malamin dabbobi a Anka. Har yau idan na je kasuwar Gummi ko Bukkuyum, sai wani tsohon Bafulatani ya riƙe hannuna ya ba ni labarin saniyarsa da Umaru ya taɓa ceto. Nakan saurara in yi godiya. Ni dai ba saniya nake tunawa ba, kyanwa ce.

A lokacin da zinare ya ɗauke mana hankali, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Bagega. Dutsen da muka haƙo gida muke kawo shi. A tsakar gida ake daka shi, a turmin da ake daka gero, ƙurar kuma ta kwanta a kan tabarma da kwanuka. 'Yata Hadiza tana rarrafe a cikinta, ba wanda ya ga aibu.

Kyanwar Inna, mahaifiyarmu, ita ta fara ciwo. Ta ƙi abinci, ta yi ta amai, yawu na zuba. Daga baya ta soma tangaɗi tana karo da bango da rana tsaka. Inna ta ce iska ce ta shige ta, aka yi mata hayaƙin tazargade. Ana cikin haka Umaru ya zo gaishe ta. Ya ɗaga leɓen kyanwar ya ga dasashinta ya yi fari fat.

"Inna, mussag ga ba iska ta taɓa ta ba," in ji shi. "Wani abu taka ci cikin gidan ga."

Ya naɗe ta da zane, ya sa allura a jijiyar ƙafarta, ya ɗebi jini a 'yar kwalba, ya aika Sakkwato cikin ƙanƙara. Mun sha dariya ranar, ni ne ma kan gaba. Mutum da iliminsa, ga shanu na jiransa, ya tsaya auna jinin kyanwa! Sunan "likitan mussa", wato likitan kyanwa, daga bakina ya fito, ya kuma bi shi har kasuwa.

Sakamakon farko ya ce jininta ya yi ƙasa, hanta da ƙoda ba su nuna wani abu sosai ba. Na ce to, a ba ta zogale mana. Umaru bai yi dariya ba. Ya yi mini bayani cewa gwajin jini abin da aka nema kaɗai yake nunawa, shi kuwa bai nemi a duba dalma ba, wadda yake zargin tana cikin dutsen zinaren, sai an sake aikawa an ambace ta. Ya ce kyanwa da harshe take wanka, duk ƙurar da ta hau gashinta cikinta take zuwa. Sai ya juya ya dubi Hadiza, tana zaune a ƙasa yatsunta a baki. Ya jawo fatar idonta ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Ka hidda ɗiyag ga daga gidan ga yau. Kai ta Anka wajen matata."

Na ce a bari takarda ta biyu ta zo tukuna. Raina ne ya ɓaci, a ce an haɗa 'yata da dabba a gwaji ɗaya. Kafin takardar ta iso kyanwar ta mutu, Hadiza kuma ta fara jijjiga, idonta na kafewa. Takardar ta zo da abin da ya faɗa: gubar dalma. Daga baya likitocin mutane suka shigo yankinmu, aka auna yara, aka kwashe ƙasar gidaje, aka ba da magani. Yara da yawa a Dareta da Sunke da namu ƙauyen ba su kai wannan lokacin ba. Hadiza ta kai, amma ba yadda take ba.

Nakan tambayi kaina me Umaru zai ce da ya ga yau. Hanyoyin da yake bi da babur zuwa rugage yanzu sai da fargaba. Talauci ya sa wasu sun koma shigo da dutse gida a ɓoye, suna sane. Na san ba zai yi wa'azi ba, don shi ba mai dogon zance ba ne. Zai tsugunna ne ya kira kyanwar gidan ya ɗaga leɓenta. Abin da ya bar mini ke nan, kuma ina yi, ko da masu gida na kallona kamar na zare.

Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin kunyarsa har yanzu. Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, na je na roƙi gafararsa kan sunan da na laƙaba masa da maganarsa da na ƙi ji. Ya ce ya yafe, Allah Ya yafe mana duka. Allah Ya jiƙan Umaru, Ya sa ya huta.

Hadiza yanzu ta zama budurwa. Uwarta ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, kalmomin da take iya faɗi ba su da yawa. Sau da dama nakan zauna kusa da ita da niyyar in roƙi tata gafarar. Sai ta dube ni ta yi murmushi, ba ta san abin da nake faɗi ba.